Intanet Maras Waya da GPS: Rikicin Maƙwabtaka a Sararin Sama

GPS tsari ne na taurarin ɗan'adam mallakar gwamnatin Amurka, aƙalla guda 24, masu kewaya duniya daga nisan kimanin kilomita 20,200. Kowannensu yana aiko da saƙon lokaci da inda yake, ita kuma wayar hannu takan haɗa saƙon taurari huɗu ko fiye ta lissafa inda mai riƙe da ita yake tsaye. Da wannan lissafi ne direban da ya taso daga Kano yake bin taswira har Birnin Kudu, ma'aikacin safiyo yake auna gona a Gwaram, mai babur yake gano inda aka kai masa abin hawansa idan ya maƙala na'urar bin sawu. Hatta manhajar nuna alƙibla da lokutan salla da shi takan san garin da take.

Raunin tsarin shi ne ƙarancin ƙarfin saƙon. Kafin ya ratso wannan nisa ya iso ƙasa, ya yi sanyin da ya gaza hayaniyar lantarkin da ke cikin na'urar kanta, sai da dabarar lissafi ake tsamo shi. Saboda haka na'urar GPS tana buƙatar maƙwabta marasa hayaniya.

Ana raba zangon rediyo ne kamar yadda ake raba gonaki: kowane aiki da kadadarsa, a bar burtali a tsakani don kada wani ya shiga wa wani. Babban saƙon GPS na farar hula yana kan megahaz 1575.42. Filin da ke dab da shi ta ƙasa, daga 1525 zuwa 1559, an daɗe da ware shi ga sadarwar taurarin ɗan'adam, waɗanda su ma saƙonsu mai sanyi ne. Shekara da shekaru ba a ji kansu ba.

Rigima ta tashi ne a Amurka a watan Janairun 2011, lokacin da hukumar sadarwa ta FCC ta ba kamfanin LightSquared izini mai sharaɗi ya yi amfani da wannan fili wajen raba intanet daga ƙasa. Shirin kamfanin shi ne kafa turakun sadarwa kimanin 40,000. Masu ƙera na'urorin GPS suka yi caa, suna cewa kusa da turke saƙonsa zai ninka na tauraro ƙarfi sau biliyan. Gwaje-gwajen da aka yi a shekarar suka nuna cewa na'urori da yawa suna rikicewa ko su kurumce gaba ɗaya. Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu tsananin daidaito, irin na safiyo da na taraktocin John Deere, domin an ƙera su ne su saurari fili mai faɗi. Sojoji da hukumar jiragen sama su ma suka nuna damuwa.

Kamfanin bai rasa hujja ba. Cewa ya yi shi bai tsallake iyakarsa ba, na'urorin ne suke kasa kunne a filin da ba nasu ba, don masu ƙera su ba su sa matata mai kyau ba. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai an ƙera su ne bisa tsammanin maƙwabcin ba zai sauya ba, kuma miliyoyinsu sun riga sun shiga jirage da motoci da aljihun mutane, ba mai iya kiran su a gyara. A Fabrairun 2012 FCC ta sanar da shirin janye izinin, a watan Mayu kamfanin ya bayyana karyewa. Ya dawo da sunan Ligado, ya rage ƙarfin turakunsa ƙwarai, ya yarda a bar burtali mai faɗin megahaz 23, aka ba shi izini a Afrilun 2020 duk da adawar ma'aikatar tsaro. Wani rahoton masana na 2022 ya ce yawancin na'urorin kasuwa ba za su cutu ba, amma wasu masu tsananin daidaito za su iya. Kamfanin ya sake karyewa a Janairun 2025.

A Nijeriya hukumar NCC ce ke raba wa kamfanonin waya fili. Zangon 5G da ta yi gwanjonsa a Disambar 2021, wanda MTN da Mafab suka saya, yana wajen megahaz 3500 ne, nesa ƙwarai da GPS. Don haka turken sabis da ke bakin titi a Sara ko cikin Birnin Kudu ba irin na LightSquared ba ne. Hasali ma turakun da yawa da agogon GPS suke daidaita lokacinsu. Abin sa ido shi ne nan gaba: taron ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, na 2015 ya ware megahaz 1427 zuwa 1518 don intanet ɗin waya, kuma wannan ya matso kusa da unguwar taurari.

Idan taswira ta ɓata a yankin Birnin Kudu, dalilin yakan zama wani daban. A gindin manyan duwatsu irin su Habude da Mesa, dutse kan tare wani sashen sama, ko saƙon ya bugi dutsen ya dawo a makare, sai ɗigon da ke kan waya ya yi tsalle gefe. Sannan Nijeriya tana yankin da saman iska mai cajin lantarki yakan hargitse bayan faɗuwar rana, abin da ke sa saƙon ya riƙa rawa. Akwai kuma ƙananan na'urorin toshe saƙo da ɓarayin mota ke amfani da su don kurumtar da na'urar bin sawu, waɗanda kan shafi duk wata na'urar GPS da ke kusa da su.