Saƙon da ke cewa a zubar da maganin likitan ƙwaƙwalwa

Sau uku saƙon muryar nan ya shigo wayata cikin mako guda: daga zauren WhatsApp na danginmu na Tsafe, daga wani abokin karatu a Bunguɗu, sai kuma daga gwaggona a Gusau, wadda ta biyo shi da tambaya: "Ɗana, wai gaskiya ne?" Mai maganar bai faɗi sunansa ba, balle inda ya karanci likitanci, amma ya zauna yana yanke wa asibitin ƙwaƙwalwa hukunci sai ka ce shi ya aza tubalinsa.

Wai duk wanda ya je sai an sa sunansa a littafin mahaukata na gwamnati. Babu wannan littafi, kati ne da fayil irin na mai ciwon suga. Wai da isarka za a jona maka lantarki a ka. Akwai wannan hanyar, amma ta tsirarun masu ciwo mai tsanani ce. Inda ya ce likitocin sun yi kaɗan, nan ya faɗi gaskiya: 'yan ɗaruruwa ne a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200.

Abin da ya hana ni barci shi ne cewarsa maganin ne ke ƙarasa haukata mutum, don haka a zubar, a tsaya ga ruƙiyya kaɗai.

Ban ga laifin uwar da ta yarda ba. Ta ga ɗanta ya dawo jiki a sandare, hannu na rawa, miyau na zuba, yana wuni yana gyangyaɗi. Idonta bai yi mata ƙarya ba. Tsofaffin magunguna irin su haloperidol da chlorpromazine, wanda ake amfani da shi tun 1952, suna iya jawo haka. Amma gyaransa na hannun likita: ya rage yawan maganin, ko ya canza wani, ko ya ƙara benzhexol don jiki ya saki.

In aka yanke magani kai tsaye, ga inda ake ruɗuwa. Kwanakin farko gyangyaɗi ya tafi, mara lafiya ya warware, gida ya ce ai dama maganin ne. Ciwon kuwa yakan laɓe makonni ko watanni kafin ya dawo: barci ya ƙaurace, muryoyi su dawo kunne, wata safiya a nemi mutum a rasa. A lokacin an manta da ƙwayoyin da aka zubar, sai a ce sabon jifa ne. Daga nan wasu ke ƙarewa a gidan mari. Mun ga yadda 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a 2019, wasu da sasari a ƙafa.

Batun sabo da magani kuma rabin gaskiya ne. Diazepam na kama jiki, shi ya sa ba a daɗe ana ba da shi. Magungunan taɓin hankali ba sa sa ƙishirwar sha irin ta tramadol. Wani zai sha na watanni, wani na shekaru, kamar mai hawan jini. Wa zai daɗe a kai, likitan da ya duba shi ne zai faɗa.

Kuma wa ya ce sai an zaɓa tsakanin addu'a da ƙwaya? Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya riƙa sauke majinyatan asibitin ƙwaƙwalwa na Aro, a Abeokuta, cikin ƙauyuka tare da danginsu, yana aiki har da masu maganin gargajiya.

Hanyar ganin likitan: a fara da babban asibitin Tsafe ko na Bunguɗu, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, a nemi takardar turawa. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya akwai na Kware kusa da Sakkwato, akwai na Barnawa a Kaduna. Zaman farko yawanci hira ce: barci, cin abinci, shaye-shaye, abin da ya faru kafin ciwon (a yankinmu sau da yawa harin 'yan bindiga ne). A je da wanda ya san mara lafiyar sosai. Mafi yawa ranar suke komawa gida.

Gwaggo dai, wadda ke jinyar yaron da ke shan maganin, na ce mata kada ta zubar da ƙwayoyin nan. Ta ɗauki katin, ta koma wurin likita, ta faɗa masa rawar hannun yaron tun yaushe ta fara.