BAYANI: Abin da ɗalibin kimiyya zai koya a wasan kwaikwayo kafin ya shiga masana'antun Kano

A kowace shekara ɗaliban injiniya, kimiyyar haɗa sinadarai da sauran fannonin fasaha daga Jami'ar Bayero da Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil kan bazu cikin rukunin masana'antu na Sharada, Challawa da Bompai domin horon sanin makamar aiki, wato SIWES, shirin da asusun ITF ya ƙirƙiro a 1973. Suna shiga da ilimin lissafi da na na'ura. Abin da akasarinsu ba su da shi shi ne yadda za su tsaya gaban mutum talatin, injin na ruri, su faɗi magana a ji ta, kuma a yarda da ita.

Wannan ƙwarewa ana koyon ta, kuma mafi sauƙin wurin koyon ta shi ne dandalin wasan kwaikwayo. Ba sai ɗalibi ya sauya kwas ba, ba kuma sai yana mafarkin shiga Kannywood ba.

Me ya haɗa masana'anta da dandali?

Unguwannin nan uku suna ɗauke da matsalolin da matasa masu bibiyar siyasa ke yawan magana a kansu. Masana'antu da dama sun rufe tun bayan tsarin tsuke bakin aljihu na SAP da aka fara a 1986, ga kuma ƙarancin wutar lantarki da shigowar kaya masu araha daga waje. A waɗanda suka rage, ma'aikata da yawa na wucin gadi ne. Dagwalon masana'antun jima da ke Challawa da Sharada, mai ɗauke da sinadarin kuromiyam, na gangarawa kogin Challawa, wanda birnin Kano ke ɗibar wani ɓangare na ruwan shansa daga ciki. Na Bompai kuwa yana bi ta rafin Getsi zuwa Jakara, inda manoman rani ke ban-ruwa. Akwai dokoki, akwai kuma hukumar NESREA da aka kafa a 2007 domin sa ido kan irin wannan gurɓata muhalli.

Ɗalibin da ya auna ruwan a ɗakin gwaji ya san lambobin. Amma manomin latas a bakin Jakara da leburan da ke jiƙa fata ba safar hannu ba sa karanta rahoton bincike. Idan ilimin bai fita daga takarda ya shiga kunnensu ba, a takardar zai mutu. Wasan kwaikwayo hanya ce ta fitar da shi.

Ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa

Malam Aminu Kano malamin makaranta ne, kuma tun kafin kafa jam'iyyar NEPU a 1950 ya rubuta gajerun wasanni yana zolayar zalunci da cin hanci. Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, ya yi suna a wasan kwaikwayo a zamanin da yake koyarwa, kuma duk wanda ya taɓa jin jawabinsa, har lokacin da ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya san inda ya koyo sarrafa murya da jan hankalin taro. Usman Baba Pategi, wato Samanja, soja ne. Ali Nuhu, wanda aka naɗa shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya a 2024, ilimin labarin ƙasa ya karanta a Jami'ar Jos.

A Zariya kuwa, bayan an fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello a 1975 ƙarƙashin Michael Etherton, malamai da ɗalibai sun riƙa shiga Samaru da ƙauyuka irin su Bomo, su saurari koken mutane kan taki, ƙasa da haraji, su mayar da shi wasa, su nuna a dandalin gari, sannan a zauna a tattauna. Wannan shi ne tushen abin da ake kira wasan kwaikwayo don ci gaban al'umma. Tun kafin jami'a ma, wasan tashe na watan azumi da barkwancin 'yan kama sun daɗe suna faɗa wa manya gaskiya cikin raha.

Abubuwa biyar da mai farawa zai koya

Na farko shi ne numfashi da murya. Mai farawa yakan ɗauka ɗaga murya ihu ne, sai maƙogwaro ya dushe cikin minti biyar. Ɗan wasa daga ciki yake jawo iska, ba daga ƙirji ba. Ka ɗora hannu a kan cibiya, ka ja numfashi har hannun ya ɗaga, sannan ka saki iskar a hankali kana ƙirga ɗaya zuwa goma da murya. Ka sa abokinka ya tsaya a ƙarshen fili, ya ɗaga hannu duk sanda kalma ta ɓace masa. Karin maganar gagara-gwari na taimakawa wajen fitar da haruffa irin su ƙ, ɗ, ɓ da ts sarai.

Na biyu shi ne jiki. Kafin ka buɗe baki, tsayuwarka ta riga ta yi magana. Ka je bakin ƙofar wata masana'anta a Sharada lokacin tashi daga aiki ka lura: yadda mai gadi ke tsayuwa, yadda wanda ya yini yana ɗaukar buhu ke taka ƙasa, yadda mai sa ido ke riƙe wayarsa. Ka dawo ka kwaikwayi tafiyar mutum uku ba tare da furta kalma ba, abokanka su gane wane ne wane. Manufar lura ce, ba ba'a ba.

Na uku shi ne sauraro. Mafi yawan masu farawa jiran lokacin maganarsu kawai suke yi. Wasa kuwa yana rayuwa ne idan amsarka ta fito daga abin da abokin wasanka ya faɗa yanzu. Wannan darasi ya fi kowane amfani a taron ƙungiyar ɗalibai ko na 'yan ƙwadago.

Na huɗu shi ne buƙata. Konstantin Stanislavski, ɗan Rasha da ya kasance cikin waɗanda suka kafa gidan wasan Moscow Art Theatre a 1898, ya koyar da cewa kada ɗan wasa ya yi ƙoƙarin nuna fushi ko baƙin ciki. Ya tambayi kansa: me wannan mutum yake so a wannan lokaci, me ke tare masa hanya, kuma da ni ne a halinsa me zan yi? Idan kana fitowa a matsayin manaja, kada ka mayar da shi dodo. Wataƙila kuɗin dizal ne ya sha masa kai, yana tsoron kamfanin ya rufe. Mai fafutukar da ya fahimci tsoron abokin hamayyarsa ya fi iya cin nasara a teburin sulhu.

Na biyar shi ne ƙirƙirar magana nan take. A ba mutum biyu yanayi, ba rubutu. Ɗaya lebura ne, ɗaya mai sa ido:

"Ranka ya daɗe, wata uku ke nan ina neman takalmin aiki."

"Ka ga layin da ke waje? Duk aikinka suke jira."

Daga nan sai a bar su su ci gaba. Abin da zai fito daga bakinsu yakan fi abin da aka rubuta a ɗaki kama da gaskiya.

Yadda wasa ke zama siyasa

Augusto Boal na Brazil, wanda gwamnatin soja ta kama a 1971 kafin ya yi gudun hijira, ya ƙirƙiro salon da ake tsayar da wasa a daidai inda aka zalunci jarumi, a ce wa 'yan kallo: wa zai hau ya gwada wata mafita? Sai ɗan kallo ya karɓi matsayin, ya gwada kai ƙara, ko haɗa kan abokan aiki, ko neman mai unguwa, kowa ya ga inda dabarar za ta ci da inda za ta faɗi. Daga baya an zaɓi Boal kansila a birnin Rio de Janeiro, ya yi aiki daga 1993 zuwa 1996, yana amfani da wannan salo wajen tattara shawarwarin jama'a su zama ƙudurorin doka.

Ɗalibai biyar zuwa takwas sun isa su fara. Ana buƙatar aji da babu kowa, awa biyu sau biyu a mako, da waya mai ɗaukar bidiyo don duba kurakurai. Jami'ar Bayero na da sashen koyar da wasan kwaikwayo, kuma roƙon wani ɗalibin sashen ya jagoranci gwajin farko ba abin kunya ba ne.

Inda ya kamata a yi hattara

Labarin da ma'aikaci ya ba ka amana ce. Kai za ka koma makaranta bayan 'yan watanni, shi kuwa a nan yake cin abinci. A sauya suna da kamanni, kada a ambaci wani kamfani da zargin da ba a tabbatar ba, domin ɓata suna laifi ne a doka. Kafin a nuna wasa a fili, a nemi izinin mai unguwa. Idan za a mayar da shi fim, a san ƙa'idojin Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001.

Akwai kuma riba ta ƙarshe. Wanda ya san yadda ake karya murya a matso hawaye a kan dandali, ba ya saurin ruɗuwa idan ya ga ɗan takara na yin haka a filin kamfe. Zai bar kallon hawayen, ya tambayi abin da Stanislavski ya koya wa ɗalibansa su tambaya: me mutumin nan yake so, kuma daga wurin wa?