Waƙar Raf da Laifuffukan Titi a Amurka: Shaida ko Zuga?

Maƙasudin wannan takarda shi ne duba yadda waƙar raf, wadda wasu ke kira gambarar zamani, take siffanta laifi da zaman ƙunci a unguwannin baƙar fata na Amurka. Tambayar da ta raba kan manazarta ita ce: shin mawaƙin shaida yake bayarwa, ko kuwa zuga yake yi?

An tsiri wannan kiɗa ne a unguwar Bronx ta birnin New York wajen 1973, kuma da fari na rawa ne kawai da wasa kai. Sai a 1982 ƙungiyar Grandmaster Flash ta fitar da "The Message", inda aka bi rayuwar yaron unguwa tun daga haihuwa har mutuwarsa a kurkuku. Nan mawaƙi ɗan kallo ne, yana faɗin abin da ya gani cikin takaici.

Murya ta sauya bayan hodar ibilis mai araha, wadda ake busawa, ta mamaye unguwannin. Dokar 1986 ta yanka ɗaurin shekara 5 ga wanda aka kama da safarar giram 5 nata, alhali mai garin hodar, wadda masu hali suka fi sha, sai ta kai giram 500 kafin ya sami wannan hukunci. Samarin baƙar fata suka yi ta kwarara gidan yari. Cikin wannan hali ne ƙungiyar N.W.A ta garin Compton ta fito, mawaƙi ya daina cewa "na gani", ya koma cewa "na yi". A 1989 hukumar FBI ta rubuta wa kamfaninsu takardar nuna ɓacin rai kan waƙar da ta zagi 'yan sanda. Amma da aka ɗauki hoton dukan da 'yan sanda suka yi wa Rodney King a 1991, tarzoma kuma ta ɓarke a Los Angeles a 1992, sai ta bayyana cewa kokensu yana da tushe.

Duk da haka, a ganina, kuskure ne a wanke waƙar gaba ɗaya. Kamfanonin faifai sun gane cewa labarin bindiga yana da kasuwa, har kirarin ƙarya ya cakuɗe da shaidar gaskiya. Kisan Tupac Shakur a 1996 da na Notorious B.I.G. a 1997 sun nuna gabar ba ta tsaya a baka ba.

Mu da muka san waƙoƙin ɓarayi na Gambu ba za mu yi mamakin wannan rikici ba, domin mun san "ni" ta cikin waƙa ba lalle ta zama mawaƙin ba. Masu gabatar da ƙara a Amurka kuwa sun sha karanta baitocin raf a kotu tamkar iƙirarin laifi, abin da ya sa jihar Kalifoniya ta kafa doka a 2022, wadda ta wajabta wa alƙali ya auna illar baitin kafin ya karɓe shi a matsayin hujja.