Tufafin Mai Hawan Babur a Kwanakin Bazara

Babur ya gaji jaki wajen kai falke kasuwa, ya kuma gaji doki wajen kai malami ɗaurin aure, amma bai gaji haƙurinsu ba. Wanda jaki ya kayar, ƙura ya kan kakkaɓe ya tashi. Wanda babur ya kayar bisa kwalta kuwa, abin da ke jikinsa a sa'an nan shi ne garkuwarsa. Ga shi a ƙasar Hausa, daga watan Maris zuwa Mayu, zafi ya kan kai digiri 40 har ya zarce, mutum ya ga babu abin da ya fi masa 'yar shara da silifa.

Mas'ala ta farko ita ce ta kai. Ran 1 ga Janairu 2009 Hukumar Kiyaye Haɗura ta Nijeriya ta tilasta sa hular kwano, sai aka ga waɗansu 'yan acaɓa a Kano sun kifa ƙwarya a ka don su ruɗi ma'aikata. Abin ya ba da dariya, amma kwalta ba ta ruɗuwa. Masana sun auna, sun iske hular kirki ta kan rage mutuwa da wajen kashi 40 cikin 100, raunin kai da wajen kashi 70. Asirinta na cikin farin soso mai tauri da ke ƙarƙashin ɓawon, shi ke murƙushewa ya shanye bugu a madadin ƙwaƙwalwa. Saboda haka hular da ta taɓa shan bugu mai tsanani ta gama aikinta, ko da bayanta na ƙyalli. Ta magina kuwa ba ta wadatarwa. Mai saye ya nemi harafin E cikin da'ira a jikin maɗaurin haɓa, watau shaidar an gwada ta, ya zaɓi mai kafofin iska. In ya sa, ya ɗaure, gama wadda ba a ɗaure ba ta kan riga mai ita isa ƙasa.

In an ce zafi ya hana sa riga mai kauri, sai a ce ba kauri a ke nema ba. Akwai riga mai saƙar raga a ƙirji da baya, iska na ratsa ta, an ɗinka mata matashi a kafaɗa da gwiwar hannu. Har wa yau, in zafin iska ya wuce na fatar mutum, buɗe jiki ba ya sanyaya shi, sai dai ya gasa shi ya busar da shi. Ba don wauta Buzayen Azbin su ke lulluɓe jiki ba. Wanda ya jiƙa rigar ciki da ruwa kafin ya hau ya fi mai 'yar shara jin sanyi. Ƙafa sai takalmi mai rufe idon sawu, hannu sai safar fata, don shi ke fara dafa ƙasa.

Saura batun gani. Direban da ya banke mai babur, hujjarsa kullum ita ce bai gan shi ba, kuma sau da yawa gaskiya ya faɗi. Wani bincike da aka yi a ƙasar Niyu Zilan, aka buga a 2004, ya nuna masu sa tufa mai ƙyalli haɗarinsu ya ragu da kashi 37 cikin 100, masu farar hula sun fi masu baƙa tsira da kashi 24, masu kunna fitila da rana kuwa da kashi 27. Amma ƙyalli iri biyu ne. Falmaran ruwan ɗorawa ko ruwan goro mai ɗaukar ido, da rana da almuru ta ke aiki. In dare ya yi ta mutu, sai zanen azurfa da aka ɗinka mata, wanda ke mayar wa direba hasken fitilarsa. Falken da ya taso daga kasuwar Wudil ran Jumma'a bayan magariba yana bukatar duka biyun. Farar shadda ba ta isa ba, balle cikin hazon hunturu, inda fari ke sajewa da ƙura.

Manya su kan ce hular kwano da falmaran suna rage kwarjini. Alhali kuwa gefen babbar riga da jelar rawani su ne ke shiga sarƙa ko wayar taya su fizgo mai su, haka nan mayafin matar da aka goya. Sai a naɗe riga da rawani a ɗaure bayan sirdi, a kwance su a inuwar ƙofar gari ko zauren mai masauki.