Jarumin da Ba Ya Iya Sa Takunkumi

A watan Maris na 2020 kyamarori suka tsaya cak daga Holiwud har Landan. Ma'aikacin banki ya sa takunkumi ya koma kan teburinsa, malami ya koma koyarwa ta intanet, amma ɗaukar fim sana'a ce ta cuɗanya. Mai kwalliya sai ta matso har numfashinta ya taɓa fuskar jaruma, mai sauti sai ya cusa hannu cikin rigar jarumi ya maƙala masa makirufo, kuma da zarar darakta ya ba da umarni, dole jarumin ya cire takunkumi ya yi magana, ya yi ihu, ya yi kuka a gaban abokin wasansa. Duk tsarin da ya dawo da wannan sana'a lokacin annobar korona a kan wannan buɗaɗɗiyar fuska aka gina shi, kuma a ganina abin da ya fi komai amfani a cikinsa shi ne tanadin da aka yi wa ma'aikaci ranar da ya tashi da zazzaɓi.

Da farko dabarun ido aka gwada. Masu shirin EastEnders na BBC sun koma aiki a ƙarshen watan Yuni na 2020 da tazarar mita 2 tsakanin 'yan wasa, idan kuma labari ya kai ga sumbata sai a sa allo mai garai-garai a tsakani, a goge shi wurin tace hoto. A Amurka, shirin The Bold and the Beautiful ya yi amfani da mutum-mutumi, wani lokaci ma a kira matar jarumi ta gida ta tsaya a madadin abokiyar wasansa. Wannan ya ɗauki wasan cikin ɗaki, sai dai ba a ɗaukar dambe ko taron biki da mutum-mutumi.

Babban tsari ya zo a watan Satumba na 2020, lokacin da ƙungiyoyin 'yan wasa, daraktoci, ma'aikatan bayan fage da direbobi suka cimma yarjejeniya da manyan kamfanonin Holiwud. Aka kasa ma'aikata rukuni-rukuni gwargwadon kusancinsu da wanda ba ya rufe fuska. Rukunin A, wato 'yan wasa da masu matsowa jikinsu, a lokacin ana yi musu gwaji aƙalla sau 3 a mako. Rukunin B, waɗanda ke wurin ɗauka amma da takunkumi da tazara, sau ɗaya a mako. Kafinta mai haɗa fage ba shi da dalilin zuwa inda jaruma take, don haka ba ya zuwa. Aka daina jera tukwanen abinci kowa ya ɗiba, kowa da nasa a rufe. Aka kuma naɗa jami'in lafiya mai ikon dakatar da aiki, wanda ba ƙaramin abu ba ne a wurin da aka saba maganar darakta ce ta ƙarshe.

A cikin yarjejeniyar akwai sharaɗin da ba a cika ambata ba: wanda ya kamu, ko ya ga alamun ciwon, yana da hutun jinya har na kwana 10 da albashinsa. Yawancin ma'aikatan fim 'yan kwantiragi ne, ranar da ba su fito ba babu ko sisi. Mutumin da ya shafe watanni a zaune, kuɗin haya na jiransa, idan ya ji maƙogwaronsa na ƙaiƙayi zai sha magani ya yi shiru ya fito. Gwaji yana iya kuskure mutum a kwanakin farko na kamuwa, ma'aunin zafin jiki a bakin ƙofa kuwa ba ya kama wanda ba shi da zazzaɓi. Wanda ya fara sanin jikinsa ba daidai ba shi ne mai jikin, kuma ba zai faɗa ba sai ya tabbata faɗar ba za ta hana iyalinsa cin abinci ba.

Za a ce ai duk da haka cutar ta shiga. Gaskiya ne. An dakatar da ɗaukar The Batman a Ingila a watan Satumba na 2020 kwanaki kaɗan bayan komawa aiki, Jurassic World Dominion ma ya tsaya na mako 2 a watan Oktoba bayan an samu wasu ɗauke da cutar. To amma babu wanda ya yi alkawarin ƙwayar cuta ba za ta ƙetare ƙofa ba, tunda ma'aikata gidajensu suke komawa da dare. Abin da ake nema shi ne a gano ta tana jikin mutum biyu ko uku kafin ta kai ɗari, kuma duka finafinan biyu an kammala su. Wanda ya so toshe ƙofar gaba ɗaya shi ne furodusa Tyler Perry, da ya killace 'yan wasa da ma'aikata a sutudiyonsa na Atlanta, tsohon barikin soja mai faɗin eka 330, suna kwana suna tashi a ciki har aka gama ɗaukar shirin Sistas. Ya yi nasara, amma mutum nawa ke da bariki?

Nan ne ƙorafi mafi nauyi yake, wato kuɗi. An yi gwaji kusan 40,000 a Jurassic World Dominion kaɗai, kuma kamfanonin inshora sun ƙi ɗaukar asarar da korona za ta jawo, har sai da gwamnatin Birtaniya ta ware fam miliyan 500 a 2020 don tsaya wa masu shirya finafinai. Furodusan da ke haɗa fim da ɗan jarinsa, kamar yawancin 'yan Kannywood, ba zai iya kwaikwayon wannan ba, kuma rashin adalci ne a ce ya iya. Sai dai tsadar ba a ko'ina take ba. Rage mutanen da ke lokeshan, korar 'yan kallo daga bayan kyamara, mayar da fitowar ɗaki zuwa tsakar gida inda iska ke kaɗawa, bai wa kowane ɗan wasa nasa kayan kwalliya, duk waɗannan sun fi buƙatar tsari a kan kuɗi. Abin da zai ci aljihun furodusa da gaske shi ne biyan yaron da ke riƙe fitila idan aka ce ya zauna a gida mako guda, kuma wannan kuɗi ne da ya kamata a rubuta shi cikin kasafin fim tun kafin a kunna kyamara, a layi ɗaya da kuɗin mai da na abinci.