Shekarar mai riɗi daga kaka take farawa

A Sule Tankarkar, mai sana'ar riɗi da zoɓo da kaka yake tsara shekararsa. Lokacin ne kaya ke araha, kuma lokacin ne zai yanke buhu nawa zai kai kasuwar Maigatari da ke bakin iyakar Nijar ranar Alhamis, nawa zai adana har farashi ya ɗaga. Mai dabara yakan ware kuɗin iri da taki tun bai taɓa riba ba, domin bashin damina shi ke cinye jari.

Rufe iyakar Nijar a 2023, wadda Najeriya ba ta buɗe ba sai Maris 2024, ya tona haɗarin dogaro da kasuwa ɗaya. Gara a nemi masu saye a Gumel da Dawanau tun kafin girbi.