Abin da ke ƙarƙashin ƙafa

A Dogo-Dogo ba mu san dusar ƙanƙara ba sai a talabijin, amma mun san rami ya rufta da mutum. Kowane mahaƙin rijiya a jigawarmu ta Dungas zai gaya maka ƙasa hawa-hawa take: rairayi a sama, sai laka mai ƙarfi, can ciki kuma wani yashi mai laushi wanda da ya ji ruwa sai ya zame. Shi ke kisa, kuma daga bakin rami ba a ganinsa.

Haka dusar ƙanƙara take a duwatsun Turai. Kowace zuba kwanciya take yi a kan ta baya. In aka yi daren sanyi babu gajimare, samanta kan fid da wasu ƙwayoyi da ba sa kama juna. Sabuwa ta zo ta binne su, iska ta danne ta har ta yi tauri. Mai hawan dutse ya taka, ya ji daram. Alhali nauyinsa kaɗai ya isa ya karya ta cikin, tsaga ta ruga, gangaren duka ya taho da shi. Galibin waɗanda ke mutuwa a haka, su ne ko abokan tafiyarsu suka tayar da zaftarewar, yawanci a gangare mai digiri 30 zuwa 45.

Wani lokaci har gida take iske mutane. A Fabrairun 1999 ta afka wa ƙauyen Galtur na Ostiriya, ta kashe mutum 31.

Abin da ya burge ni shi ne aikin cibiyar binciken dusar ƙanƙara ta SLF da ke Dabos a Suwizalan. Ma'aikatanta rami suke haƙawa cikin dusar, su bi hawa-hawan da yatsa suna neman mai rauni, sannan kullum a lokacin sanyi a sanar da matakin haɗari daga 1 zuwa 5. Kuma a mataki na 3 aka fi mutuwa, lokacin da mutum ke cewa ai da sauƙi.

Mu ba mu da mai yi mana wannan sanarwa. A Nuwamban 2021 ramukan zinariya suka rufta a Garin Liman kusa da Ɗan Isa, jihar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka rasu. Samarinmu kan tafi irin waɗannan ramuka ba su taɓa zama da tsohon mahaƙi ba, wanda da ya ga yashi na tsiyaya daga bango, ko bakin rami ya tsage, zai ce kowa ya fito, ko an kusa cim ma ruwa.

A dusar ƙanƙara, wanda aka tono cikin minti 15 na farko galibi yana rayuwa. Bayan minti 35, kusan mutum ɗaya cikin uku ne kawai. Shi ya sa ake son kowane mai hawan dutse ya ɗauki shebur da na'urar gano wanda aka binne. Ƙasa ta fi dusar nauyi, kuma kafin agaji ya iso daga Dungas ko Magarya an makara. Don haka a unguwarmu ba na barin ƙannena su shiga ramin ɗibar laka sai da mutum a sama, da igiya da shebur a hannunsa.